Kwalin Takalmin da Ya Tafi Kibiya

Danau Kota, Kuala Lumpur
2 ga Maris

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Kamila da yara. Yaya azumi? Mu nan alhamdu lillahi. Maigida Muhyiddeen yana gaishe ka, yana can yana fama da tuƙin motar haya tun safe. 'Yarmu Kausar ta yi mura ta warke, ita da ruwan saman garin nan ba sa rabuwa.

Na san za ka ce Sharifa ba ta rubuto wasiƙa sai da dalili. Gaskiyarka, taubashi. Da kira zan yi, to tun da aka ƙwace maka babbar waya ka koma 'yar ƙaramar nan mai tocila, kuɗin katina a "kina ji na?" suke ƙarewa. Shi ya sa na turo ta imel ɗin makarantarku.

Bari in fara da aikina, don ban taɓa yi maka bayaninsa ba. Akwai wani kamfani a nan da masu shaguna da gidajen abinci ke ɗauka ya duba musu halin ma'aikatansu. Shi kuma sai ya tura irina. In shiga shago kamar kowace mai saye, in yi ta jujjuya kaya, in saya da kuɗina, in karɓi rasit, in dawo gida in rubuta abin da na gani: an gaishe ni ko an share ni, an ba ni canji daidai ko an rage. Kamfanin ya mayar mini da abin da na kashe, ya ɗora ɗan ladan aiki a kai, kayan kuma su zama nawa. Ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, gashin kaina nake ci, saboda haka ni nake cika takardar harajina.

Shekara biyu ke nan ladan kawai nake rubutawa, tun da shi ne samuna. Ashe kamfanin dunƙule komai yake yi wuri guda, ladan da kuɗin da ya mayar mini, ya ce ga abin da muka biya Sharifa. Makon jiya ofishin haraji ya aiko cewa lissafina da na kamfani sun yi hannun riga. Jami'ar da na samu, wata mai sanyin magana, ta ce abin mai sauƙi ne: in kawo rasitai su nuna saye na yi da kuɗin, ba a aljihuna suka kwana ba. In ban kawo ba, duka za a ɗauka riba ce, a ɗora tara a kai.

Na je kamfanin. Hotunan rasitan da nake tura musu a cikin manhajarsu suke, sun sauya manhaja, tsofaffin sun bi ruwa. Yawancin sayayyar kuma da tsabar kuɗi nake yi don a gwada mai ba da canji, banki bai san da su ba.

Na asalin suna cikin wani jan kwalin takalmi da na ɗaure da roba. Na birkice gidan nan kaf ban gan shi ba. Jiya ina dama kunun buɗa-baki na tuna. Lokacin bikin Hadiyya, jikar Gwaggo Tabawa, maƙwabciyata Rachael 'yar Kaduna ta ce za ta gida, tana da ragowar kilo a kayanta, jirginta kuma da yamma. Na kwashi takalma da turare da mayafan da na tara daga aikin nan na cusa a jaka a gurguje. Kwalayen a jere suke a saman kwaba. Yaya, kwalin nan yana Kibiya, a ɗakin Gwaggo.

Ka san shekara takwas rabona da gida. Gwaggo da ta goye ni ba ta taɓa ganin Kausar ba, ga idonta yana ta ja da baya. Kuɗin tikitinmu ni da Kausar na Babbar Sallah sun kusa cika, in aka ci ni tarar nan su za a ci. Gwaggo kuwa tun bayan biki ba ta ɗaukar wayata, ban san laifina ba. Don Allah ka hau babur ka je. An ba ni zuwa ƙarshen Afrilu.

Ƙanwarka,
Sharifa

Rano
11 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Sharifa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso, na fitar da ita a takarda, na karanta, na sa ta a fayil. Muna lafiya. Gwiwata ta dama ce dai ke taɓa ni in tarawihi ta yi tsawo. Kamila tana amsawa, ta ce turaren da ya zo hannunta ya kusa ƙarewa, ba wai roƙo take ba.

Wato aikinki ki ci kaza a gidan abinci, ki je ki kai ƙarar wanda ya soya ta. A garinmu mai irin wannan aiki yana da suna, amma azumi ake, na kama bakina.

Na je Kibiya ranar Asabar. Laifinki na gano shi, kuma kwalin nan ne. Ranar da jaka ta iso mata sun cika tsakar gida, har da dangin ango. Gwaggo tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa, tana cewa ku ga abin da 'yata ta aiko daga bayan teku. Da aka zo kan jan kwali ta ce wannan nata ne, tun da shi kaɗai aka ɗaure. Ta kwance shi a gaban jama'a, sai takardu. Hadiyya ta zaro ɗaya ta karanta da ƙarfi: takalmi, kuɗi kaza. Ta biyu: turare, kuɗi kaza. Ta uku: shinkafa da kaza da shayi. Sai wata daga dangin ango ta ce, "To madalla, har abin da ta ci ranar da ta je kasuwar ta haɗo muku."

Kin san mu. Ko sabulu za ka ba mutum sai ka kankare farashin da farce kafin ka miƙa. Ke kuwa kwali guda kika aiko, a jere, a ɗaure. Gwaggo ta ɗauka lissafi ne, ko dai gori ko dai a biya ki, kuma a gaban surukai aka karanta mata shi.

Na yi mata bayani iya fahimtata. Ta ce in kuskure ne, wa ya zauna ya jera su? Na ce ta ba ni kwalin, ta ce ba zai fita daga ɗakinta ba sai ta gama abin da take yi. Abin da take yi ɗin ba ta faɗa ba, ni kuma ban matsa ba. Idon kuwa gaskiya ya yi nisa, sai da na yi magana ta san ni ne a bakin ƙofa.

Ki kwantar da hankalinki. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da takardun makarantar nan, ko ɗaya gara ba ta taɓa ci ba. In kwalin ya zo hannuna magana ta ƙare.

Yayanki,
Halliru

Danau Kota
13 ga Maris

Yaya Halliru,

Ina gaisuwa, Allah Ya sawwaƙe gwiwar. Mu lafiya, in an cire ni.

A cikin jirgin ƙasa na karanta wasiƙarka, sai da na wuce tashata ban sani ba. Ni zan yi wa Gwaggo gori? Matar da ta yi ta suyar ƙuli-ƙuli har hannunta ya yi kanta don ta biya mini kuɗin jarrabawa? Wallahi raina ya ɓaci, kuma na rasa da wa zan yi fushi. Da Hadiyya mai karatu da ƙarfi, da waccan mai dogon baki ta dangin ango, ko da ni da na tura jaka ban buɗe kwali ko ɗaya ba. Wata biyu tsohuwar nan tana kwana da wannan a ranta, ni ina nan ina cewa ko wayarta ce ta lalace.

Maganar aikina kuma, ka saki bakinka ka faɗi sunan, na san shi. Alheri na fi rubutawa. Akwai wata yarinya a shagon takalma a Setapak da ta durƙusa ta gwada mini takalmi kusan goma ba ta canza fuska ba. Na rubuta hakan, yanzu ita ke riƙe da shagon.

Ka koma, ka karanta mata wannan da bakinka. Ka ce mata takardun nan na gwamnatin nan ne, ba nata ba. Ka ce mata ina jera su ne don tsoron irin ranar da ta same ni yau. Jiya na zaunar da Kausar na ce ta faɗi abin da za ta ce wa Gwaggo in sun haɗu. Ta yi tunani ta ce, "Gwaggo dah makan?" Wato ko Gwaggo ta ci abinci. Haka mutanen nan suke gaisuwa. Hausar tata tana ji, mayarwa ce sai a hankali.

In ka karɓo kwalin, ka nemi mai babbar waya ya ɗauki hotonsu ɗaya-ɗaya ya turo mini. Ka lallaɓa su, takardun nan ba su da ƙwari, rubutunsu gogewa yake yi da kansa.

Ba na iya zama wuri ɗaya kwanan nan. Muhyiddeen ya ce na fi fankar ɗakinmu juyi.

Sharifa

Danau Kota
2 ga Afrilu

Yaya,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Shiru har yanzu. Na kira ƙaramar wayar, ko dai a kashe ko dai ba ta shiga. Na kira Gwaggo ranar Idi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Shekaranjiya aka tura ni wani gidan abinci a Bukit Jalil. Na ci, na biya, na fito, sai a bakin titi na tuna ban duba sunan wanda ya kawo mini abincin ba, abin da aka aike ni ke nan. Kullum na buɗe shafin tikiti sai in ga ya ƙara tsada.

In Gwaggo ta ƙone su ne ka faɗa mini kawai. Zaman rashin sanin nan ya fi damuna.

Sharifa

Rano
9 ga Afrilu

Ƙanwata Sharifa,

Barkanmu da Sallah. Kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun, hutu aka yi aka kulle ofis, kwamfutar kuma a ciki take. Wasiƙarki ta tsakiyar azumi na riga na fitar da ita kafin a rufe, da ita na tafi Kibiya bayan Sallah.

Ba ta ƙone su ba. Kwalin yana gabana yanzu haka.

Amma ki zauna kafin ki karanta sauran. Abin da Gwaggo take yi, ashe sa Hadiyya ta yi ta ware rasitan kayan biki, ta juya kuɗin zuwa naira a wayarta. Na abinci ta ce a bar su, ba da ita aka ci ba. Daga nan ta ba mijin Hadiyya sarƙarta ta gwal, wadda ta sayo a Makka, ya kai Kano ya sayar. Ina shiga ta turo mini kwalin da ƙafa, ta ɗora ƙullin kuɗi a kai ta ce, "Aika mata. Kada gobe a ce ita ta aurar mini da jika."

Na ce ta bari in karanta mata abin da kika rubuto. Ta ce bakina ne. Na karanta tun daga jirgin ƙasa har fanka. Da na zo wajen ƙuli-ƙuli ta juya fuska bango. Da na zo maganar Kausar ta ce in maimaita. Na maimaita da Malayancin da ban iya ba, na fassara. Sai ta ce, "Ka ce mata na ci." Ta goge ido da bakin zani. Kuɗin dai ta ƙi karɓa, ta ce abin da ya fita ya fita. Suna wurina.

Maganar hoto ki bar ta. Hadiyya ta tare a Kano da wayarta, kuma ni da na san ofis, ba a kai wa hukuma hoto, na asali ake kaiwa. Na samu wani Malam Zahraddeen, malamin kwaleji da ke karatu a nan wajenku, zai taso ranar ashirin ga wata, ya yarda zai riƙo miki.

Na lura da abin da kika ce, wai rubutun yana gogewa. Na duba, gaskiya ne, wasu sun fara dusashewa. Zan gyara su yadda ko ruwa ko iska ba za su sake taɓa su ba. Na riga na fara ware su, na manyan kuɗi gefe, na shayi da burodi gefe.

Yayanki,
Halliru

Danau Kota
10 ga Afrilu

Yaya Halliru,

Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Jiya na yi barcin da rabona da shi tun farkon azumi. Na gaya wa Kausar Gwaggo ta ce ta ci, ta tambaye ni me ta ci.

Sarƙar kuwa, ban yarda ba. Sarƙar nan ina ƙarama nake ɗaura mata ita a wuya in za ta gidan biki, don hannunta ba ya kaiwa ƙugiyar. Ka ɗauki kuɗin nan ka nemi mijin Hadiyya, ku koma wurin wanda ya saya, ko da ƙari ne ni zan cika. Ko kwabo ɗaya na kuɗin nan ba zai shiga hannuna ba, ka ji na faɗa.

Rasitan kada ka wahalar da kanka. Leda mai zif ta isa, ka sa su ciki ka rufe, ka ajiye inda ba zafi. Na koma wurin jami'ar na ce mata suna hanya, ta yi murmushi ta ce boleh, wato ba matsala, in dai sun iso kafin wata ya ƙare.

A gaida Anti Kamila, a ce mata turarenta da kaina zan kawo.

Ƙanwarka,
Sharifa

Danau Kota
23 ga Afrilu

Yaya,

Malam Zahraddeen ya iso lafiya, mun haɗu a wani shagon shayi da ake ce wa mamak a Setapak. Ambulan ɗaya ya miƙo mini, siririya. Na buɗe a gabansa. Rasitan shayi ne, da na roti, wato burodinsu na nan, da na ajiye mota. Ba na takalmi, ba na turare, ba na manyan gidajen abinci, ba ko layi ɗaya daga gare ka. Na tambaye shi ko akwai wata jaka, ya ce abin da ka ba shi ke nan a tasha, kuma ba ka tsaya kun gaisa sosai ba.

Ina sauran? Mako ɗaya ya rage mini.

Sharifa

Rano
25 ga Afrilu

Sharifa,

Lafiyarmu ƙalau. Na fara wasiƙar nan na goge ya fi a ƙirga.

Wasiƙarki mai maganar leda ban gan ta a kan lokaci ba, injin wutar makaranta ya lalace a makon. Da na gan ta aikin gama ya gama.

Kin san duk takardar da nake ji da ita laminetin nake yi mata, a manne ta cikin roba. Takardar haihuwata, ta aurena, ta gonar babanmu, duk haka suke. Da kika ce rubutun yana gogewa, na ce to ga magani. Na sayo robobin da kuɗina. Na zauna na jera rasitan a ciki bisa kwanan wata, na manyan kuɗin kaɗai, don na ga na shayi ba su kai a ɓata musu roba ba. Na kai shagon fotokwafi na bakin kasuwa, na tarar ba wuta. Na biya, na ce wa mai shagon in ta tayar da janareta ta sa su a inji duka, sauri nake. Na tafi azahar.

Da na dawo tana tsaye a ƙofa. Ta ce tana sa su a inji a kife tana haɗa wani aiki, sai da ta gama ta juya su. Sharifa, baƙi ƙirin suka fito, kamar gindin tukunya. Ashe irin takardar nan da zafi ake yi mata rubutu, in ta ji zafin inji gaba ɗayanta take komawa tawada. Na ɗaga su a rana, na haska da tocila, na yanka ɗaya na ɓare. Babu ko harafi.

Ba laifin matar ba ne, abin da na ce ta yi ta yi. Kin ce in ɗauki hoto na ce na fi ki sanin ofis. Kunya ce ta hana ni sa takarda a ambulan ɗin, ita ce kuma ta hana ni tsayawa da Malam Zahraddeen. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi, Kamila har ta fara tambaya ko wata nake nema.

Na sa babur ɗina a kasuwa. Ba zai kai ko'ina ba, na sani. Ki yafe mini.

Halliru

Danau Kota
3 ga Mayu

Yaya Halliru,

Muna lafiya. Na yi fushi, na huce, na sake yi. Ranar da na karanta na fita na yi ta tafiya a ƙasa har bakin tafki, ruwa ya sauko ban nemi wurin fakewa ba. Muhyiddeen da ya ji labari dariya ta ƙwace masa, ya ga fuskata ya shiga banɗaki ya ƙarasa.

Na je ofishin da 'yan rasitan shayina. Jami'ar ta karɓe su, ta karɓi 'yan sayayyar da banki ya nuna, ta sassauta tarar iya ikonta. Sauran an lissafa su riba. Na biya. Abin da ya rage mini kuɗin tikitin mutum ɗaya ne, shi ma da ƙyar. Ni kaɗai ba amfani, ba ni Gwaggo take son gani ba, Kausar kuma ba ta isa tafiya ita kaɗai ba.

Ka janye babur ɗinka daga kasuwa. In ka sayar, da me za ka riƙa zuwa Kibiya? Na yafe maka, amma ka sani taubashi, har mu tsufa ba za ka daina jin maganar nan ba.

Ka gaya wa Gwaggo sai baɗi in Allah Ya kai mu. Ni ba zan iya faɗa mata ba. Ina labarin sarƙa?

Sharifa

Rano
12 ga Mayu

Ƙanwata,

Na gode. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Kowa lafiya, gwiwa da sauƙi.

Sarƙa ba ta samuwa. Mun je ni da mijin Hadiyya, mai shagon ya ce tun a makon aka narkar da ita.

Na je Kibiya jiya. Na faɗa wa Gwaggo komai, ban rage laifina ba, har na kai mata ɗaya daga baƙaƙen ta gani. Ta juya shi a hannu, ta shafa, ta ce ita ba ta ga bambancinsa da fari ba. Nan na san inda idon ya kai. Ta zage ni tas, ta ce tun ina yaro haka nake, in an aike ni sayen gishiri sai na ƙaro da shawara. Da na ce kin ce sai baɗi, ta ce in ɗauko biro. Ga abin da ta ce, ban gyara ko kalma ba:

"Sharifatu. Kuɗin nan da fushi na tara su, don in jefa miki a fuska. Fushin ya tafi ya bar ni da kuɗi, ni kuma ban san abin da zan yi da su ba. Sarƙa tana cikin kwalla shekara da shekaru, ba mai ɗaura mini. Kin ce ba za ki taɓa su ba, to ba naki ba ne, na mai tambayata ko na ci ne. Baɗi ban san me zan gani ba, bana ma inuwa nake gani. Ki kawo mini ita in shafa kanta in ji irin gashin da ta ɗauko. In kika musa mini wannan, shi ne gorin."

Na tambayi masu canji. In aka haɗa da abin da ke hannunki zai kai, in kun yarda ku biyo jirgi mai dogon zango bayan Babbar Sallah. Ban tura ba, ina jiran izininki. Na daina yin gaban kaina.

Yayanki,
Halliru

Danau Kota
16 ga Mayu

Yaya Halliru,

Ina gaisuwa. Kuɗi sun shigo. Na ce ba za su taɓa hannuna ba, Muhyiddeen na ba wa wayar ya danna, kada ka ce komai.

Jiya Gwaggo ta ɗauki wayata. Ba mu yi maganar kwali ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ba na cin kuɓewa, na ce har yanzu. Na ba Kausar, ta yi sallama da Hausa tiryan-tiryan, daga nan ta ɓata ta koma Malayanci, Gwaggo tana ta amsa mata da "to, to, madalla" kamar tana ji. Da muka ajiye na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da nake ta riƙewa tun azumi.

Za mu sauka Kano mako biyu bayan Sallah, ranar Talata da hantsi. Ka zo da mota, ba babur ba. Ina koya wa Kausar zama shiru in ana shafa mata kai, don ba ta son a taɓa mata kitso. Tsaraba 'yar kaɗan ce wannan karon, kuma na zauna na kankare farashin kowanne da farce, na zazzage kowane kwali.

Ga tikitin nan na haɗo maka don ka ga lokacin sauka. Ka fitar da shi a takarda in kana so, ka sa a fayil. Don girman Allah, Yaya, kada ka kai shi bakin kasuwa.

Ƙanwarka,
Sharifa